Ina son ƙwarewa a fannin ciwon daji, maigidana na tsoron injin gashi zai hana ni haihuwa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni likita ce, shekarata 28. A nan Sakkwato na yi karatu, na gama shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa, yanzu ina aiki a wani asibiti cikin gari. Ina da aure da ɗiya ɗaya 'yar shekara biyu. Ina aji huɗu a makarantar likitanci Innarmu ta rasu da ciwon daji na mama, tana da shekara 47. Ta fi shekara tana ɓoye kullutun ana shafa mata magani a gida, ko ni da nake karatun likita ban sani ba sai da ya fashe. Tun daga ranar na ƙudura a raina cewa fannin ciwon daji zan bi.

Yanzu lokacin shiga horon ƙwarewa ya yi, kan gida ya rabu. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni aiki ba, amma wani abokinsa ya gaya masa hasken injin gashi, wato injin da ake gasa ciwon daji da shi, yana kashe ƙwan haihuwa, shi kuwa yana son ƙarin 'ya'ya, ni ma haka. Surukata ta ce me zai kai yarinya ta kwana ta tashi cikin masu jiran mutuwa. Babanmu fannin mata da haihuwa yake so in yi, ya ce nan ne al'umma ta fi buƙatar mace. Ƙawayena biyu suna Saudiyya, ɗaya tana Ingila, suna ta cewa in zaɓi fannin da zai fitar da ni waje. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, duk ranar da na ga mace mai irin ciwon Inna sai na shiga ɗaki na yi kuka kafin in iya ci gaba da aiki. Anya mai irin zuciyata za ta iya? In nace, ko in haƙura in bi zaɓin Baba?

Ɗiyarki, daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara, ya ba ku haƙurin rashinta.

Mutane da yawa kika kawo mini, kowa da bakinsa, amma maganganun nasu ba nauyinsu ɗaya ba. Ta maigidanki ita ta fi tare miki hanya, kuma ita ce mafi sauƙin warwarewa, domin labari aka ba shi ya razana. Namijin da ya bar ki kina kwanan asibiti tun kina amarya ba zai tashi rana tsaka ya zama mai tauye ki ba. Lafiyarki yake ji wa tsoro, da 'ya'yan da yake fata ku samu. To kada ki tare shi da "ni ce likita, na fi ka sani". Gani ya kori ji, ki kai shi ya gani.

Ga abin da zai tarar. Injin gashin zamani, wanda likitoci ke kira linak, babu wani sinadari mai fitar da haske da aka ajiye a cikinsa. Da wutar lantarki yake haɗa hasken, ana kashe shi hasken ya ɗauke, kamar ƙwan fitila. Ɗakin da yake ciki da kankare aka zuba shi, kaurin bangon ya wuce mita guda, wani gefen ma ya kai biyu, kuma ko da kuskure aka buɗe ƙofar ana cikin gashi, injin tsayawa yake yi da kansa. Lokacin da ake gasa mara lafiya babu kowa a ɗakin sai shi kaɗai, ma'aikata suna waje suna kallonsa ta kyamara, suna yi masa magana ta lasifika. Gashin ciki da ake yi wa mata masu ciwon bakin mahaifa ma haka ne a na'urorin yanzu: likita ta saka bututun, kowa ya fito, sannan na'ura ta tura ƙwayar sinadarin na 'yan mintoci ta janye ta ta kulle. Kuma ba likita ce ke zaune gaban injin kullum ba, akwai ma'aikatan da wannan ne aikinsu. Ita yininta a ɗakin duba marasa lafiya yake ƙarewa, da zagayen waɗanda aka kwantar, da gaban kwamfuta.

Kowane ma'aikacin sashen yana maƙale da wani ɗan bajo a gaban rigarsa, mai auna duk hasken da ya taɓa jikinsa, ana karɓa lokaci zuwa lokaci a karanta. Ƙa'idar duniya ta tsayar wa ma'aikaci iyakar milisibat 20 a shekara, milisibat kuwa shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha. Idan mace ta sanar tana da ciki, abin da zai isa ga ɗan tayin bai kamata ya wuce 1 ba har ta haihu. Don ki ba shi abin aunawa, kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka ƙofar asibiti ba, yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. A wurin da ake bin ƙa'ida, abin da bajon likitan gashi ke nunawa ƙasa yake ƙwarai da waccan iyakar. A Najeriya hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, NNRA, ce ke da alhakin ba da lasisi da sa ido a kan wannan. Mata da yawa a duniya suna wannan aikin, suna ɗaukar ciki suna haihuwa lafiya lau.

Ba zan ɓoye miki inda ake taka-tsantsan ba, don kada ya ji daga baya ya ce an rufe shi. Magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin ciwon daji, masu ƙarfi ne, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba a so ta riƙa haɗa su. Aikin masu harhaɗa magani ne, a cikin wani akwati mai zuƙe iska, da safar hannu da rigar kariya. Inda kayan aiki suka yi ƙaranci akan bar wa nas-nas da ƙananan likitoci, saboda haka tun kafin ki shiga ki tambayi wa ke haɗa kemo a sashen, kuma a ina. Ranar da kika tabbatar kina da ciki ki sanar da shugaban sashe a rubuce. Na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki sai ya yi ƙwari, amma a wannan aikin watannin farkon nan su ne aka fi kiyayewa, kunya ba ta da wuri a nan.

Ki nemi masanin fiziks na sashen, wanda shi ke auna injin yana lissafin hasken, ki roƙe shi ya zagaya da maigidanki, ya nuna masa bangon da bajon, ya amsa masa duk abin da ya tambaya. Ke ki yi shiru ki bar su su yi maganarsu. Akwai kuma wani abu da ya kamata ya sani tunda zaman gidansa yake dubawa: a cikin fannin da kike so da wanda Baba yake so, na Baba ne ya fi raba mace da gadonta da dare. Naƙuda ba ta san ƙarfe biyun dare ba. A fannin ciwon daji ma ana kwanan asibiti, ana kuma samun na gaggawa, kamar zubar jini, ko zazzaɓi ga wanda kemo ya karya wa garkuwar jiki, ko ciwon ya danne laka ƙafafu su soma mutuwa, amma yawancin aikin na rana ne kuma a tsare yake.

Baba kuwa gaskiya ya faɗa. Yankinmu na Arewa maso Yamma yana cikin inda mata suka fi rasuwa wajen haihuwa, likita mace a ɗakin haihuwa rahama ce. Sai dai ina ganin bai san su wa ke cika layin sashen ciwon daji ba. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna Najeriya tana samun sababbin masu cutar sama da 120,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa. Wanda ya fi kowane yawa shi ne na mama, sai na prostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara a maza, sai na bakin mahaifa. Biyu cikin ukun nan na mata ne, kuma a gaɓoɓin da macen Bahaushe ta fi jin nauyin buɗe wa namiji suke. Wata za ta shekara tana zubar jini bayan ta daina al'ada ta ce sanyi ne, wata ta ce kullutun mamanta iska ce ko sammu, kuma a ƙarƙashin duk wannan akwai tsoron kwanciya a gaban baƙon namiji. Ki zauna da Baba ki gaya masa haka, da ladabi, ki ce masa matan da yake so ki taimaka su ne za ki taimaka, sai dai a ɗakin da mata likitoci suka fi ƙaranci. Shi ya binne matarsa da wannan ciwon. Mai yiwuwa abin da yake gudu shi ne ya ga ɗiyarsa tana komawa wurin kullum, amma namiji ba kasafai yake faɗin irin wannan ba. Idan kin lura haka ne, ki tausasa, kada ki yi ta jero masa alƙaluma.

Kuma ki sani ba a banza Allah ya ajiye ki a Sakkwato ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin 'yan tsirarun asibitocin Arewa masu sashen gashi, mutane suna zuwa daga Kebbi da Zamfara, har daga ƙetaren iyaka ta Illela da Ƙonni. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, likitocin da suka ƙware a kai kuwa, ƙididdigar da ake ambatawa a shekarun nan ba ta kai su 100 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Yankin nan yana da nasa ciwon da ba a cika gani da yawa haka a wasu wurare ba: ciwon dajin mafitsara, wanda ke biyo bayan tsargiya. Yaro ya taso yana wanka a gulbin Rima ko yana aikin shinkafa a fadamar Wurno da Goronyo, yana fitsarin jini ana cewa alamar girma ce, ƙwayayen tsutsar suna cin bangon mafitsararsa, sai ya kai shekara arba'in ko hamsin abin ya juye. Akwai aikin bincike da na wayar da kai a nan da zai ishi mutum rayuwarsa. Cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, da ta soma aiki a 2023, shugabanta na farko Farfesa Usman Malami Aliyu daga wannan sashen na Sakkwato ya fito. A Kebbi maƙwabciyarku kuma Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana wannan fafutukar ta gidauniyarta, har aka zaɓe ta a 2024 ta zama shugabar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya mai jiran gado. Hanyar dai wasu sun bi ta daga ƙasar nan taku.

Maganar surukarki kada ki ɗauke ta da zafi, don akwai gaskiya a cikinta. Mafi yawan marasa lafiyarmu suna isowa ne bayan ciwon ya ci jiki, kuma za ki rasa mutane fiye da yadda likitar ido ko ta fata za ta rasa. Amma ba duka ke jiran mutuwa ba. Ciwon mama da na bakin mahaifa in aka kama su da wuri ana warkewa. Yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura da ciwon Burkitt har fuskarsa ta karkace, ana soma masa kemo cikin 'yan kwanaki ka ga kumburin yana sacewa. Wanda kuma ba zai tashi ba, shi ma akwai abin da ake yi masa.

Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma akwai wata baiwar Allah da nake tunawa. Daga ƙauye aka kawo ta, mijinta ya sayar da shanun huɗarsa, ciwon ya riga ya shiga ƙashin baya. Ta yi makonni ba ta runtsa ba, ba ta iya ko juyawa, wari ya sa 'yan jinyarta suna zama a bakin ƙofa. Likitan ya ja kujera ya zauna dab da gadon, kansa daidai da nata, ya ce, "Inna, me aka gaya miki game da ciwon nan?" Ya bar ta ta gama maganarta bai katse ta ba. Ya rubuta mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, na sha a kan lokaci, ba sai ta yi kuka ba, aka wanke gyambon aka barbaɗa masa maganin da ke kashe wari, aka yi mata gashi kaɗan a inda ƙashin ke ciwo. Sannan ya kira mijin gefe ya ce kada ya ƙara sayar da komai. Matar nan ta yi barci, ta koma sallarta a zaune, ta koma gida ta yi wasiyya ta yi bankwana da 'ya'yanta a kan tabarmarta. Ba ta warke ba, amma duk wanda ya ga yadda ta shigo da yadda ta fita ba zai ce aikin banza aka yi ba. Wannan labarin, ko makamancinsa da za ki gani da idonki, shi ya kamata ya isa kunnen surukarki, kuma ta bakin ɗanta. Ke kada ki ja da ita. Za ki buƙace ta ƙwarai a shekarun da ke tafe, musamman wajen yarinyar nan.

Yanzu mu zo kan abin da kika ɓoye wa kowa, don shi ya fi tsaya mini a rai.

Kuka ba ya hana mutum zama likitan ciwon daji. Ke da kanki kika ce kina shiga ɗaki ki yi, sannan ki fito ki ci gaba da aiki, to mai iyawa ke nan. Wanda nake jin tsoro a gefen gadon mara lafiya shi ne wanda ya daina jin komai. Amma akwai wata jimla a wasiƙarki da na karanta na sake karantawa: "ko ni da nake karatun likita ban sani ba". Ɗiyata, kina ɗora wa kanki laifi. 'Yar aji huɗu ce ke a lokacin, kuma ko babban farfesa ba ya ganin abin da aka rufe da zane aka hana shi gani. Inna ta ɓoye ne irin yadda dubban mata ke ɓoyewa, don kunya da tsoron a yanke mata mama, da gudun ta tayar muku da hankali kuna karatu. Ajalinta kuma a rubuce yake. Ki sauke wannan kayan kafin ki shiga sashen nan, don na ga abin da yake yi wa likita. Wanda ya shigo da niyyar ramuwa, duk mace da ta zo a makare sai ya ji haushinta ya yi mata faɗa, alhali ita da kyar ta samo kuɗin mota. Ko kuma ya kasa tsayawa, ya yi ta ƙara kemo a kan jikin da ya gama gajiya, iyali suna ta sayar da gona, don shi ba ya iya cewa an kai iyaka. Kuma duk wadda ta rasu sai ya ji kamar tasa ce ta sake rasuwa. Mutum ba ya shekara talatin a haka.

Rasuwar Inna dalili ne mai kyau na soma son fannin nan, likitoci da yawa ta irin wannan ƙofar suka shigo. Sai dai dole a samu wani abu da zai riƙe ki bayan zafin ya lafa, wato son aikin kansa. Aikin kuwa ga kamanninsa. A Najeriya likitan wannan fannin shi ke tsara kemo, shi ke tsara gashi. Za ki zauna gaban hoton sikan na mace mai ciwon bakin mahaifa, yanki bayan yanki, kina zagaye ciwon da layi, kina zagaye mafitsara da hanji da wani layin don hasken ya kauce musu, ku yi ta kai da komowa da masanin fiziks har lissafin ya zauna. Ita kuma za ta riƙa zuwa Litinin zuwa Juma'a na kusan mako biyar, ana haɗa mata da kemo sau ɗaya a mako, sannan gashin ciki, kuma ana so a gama duka cikin mako takwas. Idan daga Tangaza ko Isa ta zo, sai kin tambaye ta inda za ta kwana da abin da za ta ci, in ba haka ba a mako na uku za ki neme ta ki rasa. Za ki zauna taro da likitocin tiyata da masu duba nama a madubi ku yanke shawara a kan mutum ɗaya. Za ki koyi abin da za ki ce wa ɗan da ya tare ki a baranda ya ce, "Likita, don Allah kada ki gaya mata." Wata rana injin zai tsaya, kina da mutum arba'in a tsakiyar gashi, ki koma kina kiran Zariya da Abuja kina neman inda za a karɓe su. Idan kin karanta wannan kin ji zuciyarki tana matsowa, alama ce mai kyau.

Shekarun ma ki lissafa su tare da maigidanki, a kan takarda. Kin riga kin yi shida a makaranta, ɗaya ta sanin makama, ɗaya ta hidimar ƙasa. Gabanki akwai jarrabawar share fage, wadda ake kira firamare, ta Kwalejin Horon Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma, sannan neman gurbi. In kin shiga, shekarun farko akwai karatun fiziks na haske da yadda yake aiki a jikin ƙwayar halitta, wanda yake ba likitoci da yawa wuya don sun rabu da lissafi tun aji ɗaya. Sai jarrabawar kashi na ɗaya, sai matakin babbar mai neman ƙwarewa, da kundin bincike, da jarrabawar kashi na biyu. Shekara 5 zuwa 6 ke nan in komai ya tafi daidai, kuma faɗuwa jarrabawa, da yajin aiki, da hutun haihuwa duk suna ja da shi. Ki sa a ranki za ki zama kwansaltan, wato cikakkiyar ƙwararriya, wajen shekara 34 zuwa 36. Ki tambayi sashen ko akwai watannin da ake tura masu horo wani gari, da tsawonsu, don wannan ne abin da zai fi taɓa gidanki, ya fi kyau maigida ya ji shi yau. Kada kuma ki jingine haihuwa sai kin gama, ku tsara ta a tsakanin jarrabawa yadda mata da yawa suke yi.

Batun kuɗi, albashin gwamnati ne, kuma ba fanni ba ne da za ki buɗe ɗan asibitinki a unguwa ki riƙa samu da yamma, don injin gashi ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Ƙawayenki ban ga laifinsu ba, kowa da nauyin da ke kansa. Amma in don fita ne, wannan fannin ma ana nemansa a waje, kuma akwai guraben ƙaro ilimi na 'yan watanni da hukumar makamashin nukiliya ta duniya da wasu ƙungiyoyi ke bayarwa, mutum ya je ya dawo. A gida ma ana ƙara cibiyoyi, a 2025 an buɗe wata a Katsina, kuma kowace sabuwar cibiya likitoci take jira.

Abin da nake ba ki shawara shi ne kada ki yanke hukunci daga nesa. Ki je wurin shugaban sashen ciwon daji ki gabatar da kanki, ki nemi a ba ki dama ki yi wata uku zuwa shida tare da su, ko a matsayin ƙaramar likita, ko kina zuwa ranakun duba marasa lafiya in aikinki ya bari. Ki gaya wa maigidanki da Baba cewa gwaji ne, bayansa za ku sake zama. Wannan kaɗai zai sassauta musu, don ba a ce musu an gama magana ba. A watannin nan ki lura da kanki da gaske. Kina barci? Kina cin abinci? In kin dawo gida kina iya wasa da ɗiyarki, ko jikinki ne kawai ya dawo? Kukan yana raguwa yana zama addu'a da aiki, ko ƙaruwa yake yi? Ki nemi wata likita mace da ta riga ki shiga, mai aure da 'ya'ya, ki tambaye ta abin da ba a faɗa a taro. Idan kuma kin ga mutuwar Inna tana dawo miki a mafarki, ko ƙirjinki yana bugawa in za ki shiga ɗakin masu ciwon mama, ki ga abokin aikinki na fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ku yi magana. Ke likita ce, kin san wannan ba hauka ba ne. Ki yi istihara kafin gwajin da bayansa.

In watannin sun cika kin ji nan ne wurinki, maigida kuma hankalinsa ya kwanta, bismillah, ki shiga da ƙarfinki. Ni a yadda na karanta ki, haka nake zaton za ta kasance. In kuwa ya gani da idonsa amma ya ce har yanzu bai natsu ba, kada ki cike takarda a bayan idonsa. Horon nan ba ya yiwuwa ga macen da gidanta ke tafasa. Ki tambaye shi a natse mene ne ainihin abin da ya rage, don sau da yawa in an kawar da maganar haske sai ta gaskiyar ta fito, wataƙila tafiye-tafiye ne, wataƙila maganar mahaifiyarsa ce. Ku sa wani babba da yake jin nauyinsa, ku ba abin lokaci.

Kuma ko da ƙofar gashi ta ƙi buɗuwa, ba ita kaɗai ce hanyar zuwa ga masu ciwon daji ba. Kina iya bin zaɓin Baba ki yi fannin mata da haihuwa, daga baya ki ƙware a ciwon dajin mahaifa da na ƙwan mace, ki zama ke ce mai tiyatar. Ta fannin yara akwai ciwon dajin yara, ta fannin jini akwai nasa. Masu duba nama a madubi, waɗanda ba a soma magani sai sun faɗi irin ciwon, su ma sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma aikinsu ya fi dacewa da mai ƙananan yara. Akwai fannin sauƙaƙa raɗaɗi ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Akwai lafiyar al'umma, inda ake gwajin bakin mahaifa a ƙauyuka da rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa, da aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a ƙasar nan tun Oktoban 2023. Mace irin Inna, wadda ba ta iso asibiti da wuri ba, a wannan matakin ne ake cetonta.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki ce kin sani, don likitoci sun fi kowa sakaci da jikinsu. Mahaifiyarki ta kamu tana ƙasa da shekara 50, wannan ya sa haɗarin ya ƙaru a kanki da 'yan'uwanki mata. Ki tara su, da ƙannen Inna in suna raye, ki koya musu duba mama, ki gaya musu duk wadda ta ji kullutu ke za ta fara kira a ranar. Ke kuma ki sa wata likita, ba ke ba, ta duba ki, ku tsara shekarar da za ki soma hoton mama, ta kuma bincika ko akwai wasu a dangin da suka yi ciwon mama ko na ƙwan mace, don a san ko gwajin gano ciwon da ake gada a dangi ya kama ku. Wannan ki yi shi cikin watan nan, kada ki jira sai an gama maganar horo.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya raya miki ɗiyarki. Ki gaida maigidan.

Gwaggonki